Tambayoyinku: Me Ke Sa Muryar Mawaƙi Ta Ratsa Zuciya?

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan karon sun taru ne a kan waƙar da ake rerawa kai tsaye a gaban jama'a, saboda haka muka ware filin gaba ɗaya domin su.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni da ƙawata mun daɗe muna gardama a kan mawaƙa biyu da muka kalla a taro guda. Na farkon muryarsa garau take, yana kai ta can sama ba tare da ta girgiza ba, amma da ya sauka babu abin da ya rage mini a zuciya. Ta biyun kuwa muryarta tana da ɗan kaushi, har ta karye a tsakiyar wani baiti, duk da haka tsigar jikina ta tashi, na kuma ga mutane suna share ƙwalla. Ƙawata ta ce tausayi ne kawai ya kama mu, na farkon shi ne gwani. Wa ke da gaskiya? — Wata mai karatu

Amsa: Malama, ƙawarki ba ta yi kuskure ba da ta kira na farkon gwani, domin riƙe sauti mai tsawo a sama ba tare da ya kauce ba aiki ne na shekaru. Inda na saɓa mata shi ne batun tausayi. Wanda aka tausaya wa saboda ya kasa, kunya ake ji dominsa, ana kawar da kai ana fatan ya gama ya sauka, tsigar jiki ba ta tashi.

Murya tana fitowa ne daga wasu tantani biyu da ke cikin maƙogwaro, waɗanda tsawonsu bai wuce santimita biyu da rabi ba. Iskar huhu ce ke kaɗa su, kimanin sau 100 zuwa 120 a daƙiƙa guda idan namiji yana magana, kimanin sau 200 idan mace ce. Tsokokin da ke sarrafa su da kuma numfashin da ke tura su suna amsa duk halin da mutum yake ciki: baƙin ciki yana shaƙe maƙogwaro, tsoro yana gajarta numfashi, fushi yana ɗaure murya. Kunnen ɗan Adam tun yana jariri yake koyon karanta waɗannan alamu, shi ya sa za ki iya gane cewa akwai damuwa daga sallamar ɗan'uwanki a waya, kafin ya faɗi komai. Lokacin da muryar mawaƙiyar nan ta karye, kunnenki ya ɗauki karyewar a matsayin shaida cewa kalmar ta yi mata nauyi. Sai dai a lura, da a kan kalmar da ba ta ɗauke da komai ta karye, da aibi ne kawai, babu wanda zai share ido.

Akwai kuma batun jira, wanda a ganina ya fi komai muhimmanci. A shekarar 2011 masu bincike a Jami'ar McGill da ke Kanada sun nuna cewa ƙwaƙwalwa tana sakin sinadarin dofamin, mai alaƙa da jin daɗi, tun a lokacin da mai sauraro yake tsammanin gaɓar da yake so a cikin kiɗa, sannan ta sake saki idan gaɓar ta iso. Tun kafin nan, a 1991, masanin halayyar ɗan Adam na Birtaniya John Sloboda ya tambayi mutane wuraren da kiɗa ke sa su hawaye, ya tarar da yawansu wurare ne da sauti ke ɗan saɓa wa kiɗan da ke ƙarƙashinsa, ya tsaya jim kaɗan, sannan ya gangara ya zauna inda kunne ke jiransa. Mawaƙin da ya zuba duk ƙarfinsa tun baitin farko bai bar wa mai sauraro abin jira ba. Wanda ya fara a hankali, ya jinkirta kalma guda da rabin numfashi, ya yi shiru a inda ake zaton zai ɗaga, shi ne yake riƙe da mutane.

Mawaƙiya Ummu Kulsum ta Masar, wadda ta rasu a 1975, ta shafe shekaru tana yin wasa a Alhamis ta farko a wata, rediyo yana watsawa kai tsaye, kuma waƙa guda takan kai awa ɗaya a bakinta. Abin da ke tsawaita ta shi ne maimaita ɗango ɗaya sau da dama, kowane karo da wata lanƙwasa dabam, tana sauraron yadda zauren ya amsa kafin ta yanke ko za ta sake ko za ta wuce. Wannan sauraron shi ne abin da faifai ba zai iya yi ba, kuma ina kyautata zaton mawaƙiyar da ta taɓa ki tana yin sa, ko da a ƙaramin mataki.

Kada kuma a manta da makirufo. Kafin a fara ɗaukar sauti da lantarki a 1925, dole mawaƙi ya buɗe murya iyakar ƙarfinsa domin a ji shi. Makirufo ne ya ba da damar a rera waƙa da raɗa, a ji shigar numfashi da fitarsa kamar mutum yana magana a gefen kunnenki. Mawaƙa da yawa har yanzu suna yi masa ihu, alhali zai iya ɗauke musu wannan wahala.

Tambaya: Ranka ya daɗe, yaya mutum zai gane ko mawaƙi da gaske yake rerawa ko mamin yake yi a kan faifai, wato motsa baki kawai? Kuma shin yin hakan yaudara ce? — Wani mai bibiyar wannan fili

Amsa: Malam, akwai alamu, ko da yake babu wadda ta isa hujja ita kaɗai. Idan ya janye makirufo daga bakinsa amma ƙarfin muryar bai ragu ba, ka sa ido. Idan yana tsalle da gudu a kan dandamali, muryar tana fita sumul babu haki, sannan da waƙar ta ƙare ya yi wa jama'a magana ka ji numfashinsa yana sarƙewa, to muryoyi biyu ka saurara. Haka nan idan kowace lanƙwasa ta zo daidai da yadda take a faifai, domin maƙogwaro mai rai ba ya maimaita abu sak.

Wata alama kuma da mutane ke dogara da ita ba ta da tabbas, wato rashin daidaituwar leɓe da sauti. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka wanda yake mita 100 daga lasifika zai ji kalma kusan sulusin daƙiƙa bayan ya ga an furta ta. An sha zargin mawaƙa masu gaskiya saboda wannan.

Game da yaudara, ni ina auna ta da abin da aka sayar wa mutane. Mawaƙan nan biyu da ake kira Milli Vanilli an ƙwace musu lambar yabon waƙa ta Grammy a 1990 bayan an tabbatar da cewa muryoyin da ke faifansu ma na wasu mutane ne, kuma wannan ha'inci ne tsagwaronsa. Mawaƙiya Beyoncé kuwa, da aka yi ta surutu kan taken Amurka da ta rera a bikin rantsar da Barack Obama a Janairun 2013, ta fito ta ce ta bi muryarta da aka riga aka ɗauka ne saboda ba ta sami damar yin gwaji da makaɗan ba. Muryar tata ce, wurin kuma fili ne a lokacin sanyi, don haka ina ganin uzurin karɓaɓɓe ne. Tsakanin waɗannan biyu akwai abin da ya fi yawa a yau: mawaƙi yana rerawa da gaske, amma an shimfiɗa muryarsa ta situdiyo a ƙarƙashi tana tallafa masa, wani lokacin kuma manhajar Auto-Tune, wadda injiniya Andy Hildebrand ya ƙirƙira aka fitar a 1997, tana gyara masa sautin da ya kauce nan take. Ban kira wannan zamba ba, amma yana da hasara, domin wanda ke bin faifai ba zai iya jinkirta kalma ko ya sake ɗango saboda jama'a sun motsa ba. Faifan ba ya jiransa.

Tambaya: Malam, mene ne abin da mawaƙa ke saƙalawa a kunne, kuma me ya sa wasu ke fizge shi ana tsakiyar waƙa? — Wata ɗaliba

Amsa: 'Yar'uwa, ƙaramar lasifika ce da ke mayar wa mawaƙi muryarsa da kiɗan da yake bi. Manyan lasifikoki jama'a suke fuskanta, shi kuwa yana bayansu, abin da ke isa gare shi galibi amsa-kuwwa ce da ta bugi bango ta dawo a makare. Wanda ba ya jin kansa ba zai san ya kauce ba, komai gwanintarsa, kuma sau da yawa idan kin ji ƙwararren mawaƙi yana ta zamewa daga kari, matsalar tana wurin mai haɗa sauti ne.

Suna fizge ta ne ko don abin da ake turo musu ya lalace, ko don ta toshe musu kunne har ba sa jin amshin jama'a. Saboda haka ne a manyan taruka ake kafa wasu makirufo suna fuskantar masu kallo, a haɗa hayaniyarsu cikin abin da ke shiga kunnen mawaƙin. Likitocin ji suna gargaɗi a kan cire ɗaya a bar ɗaya, domin mai yin haka yakan ƙara wa wadda ta rage ƙarfi fiye da kima, kunnen da ya buɗe kuma ya kwashi ƙarar dandamali gaba ɗaya.