Amsa: Haɗa tirelar kwana ta shiga daji

Malam, ka tambaya ko mai walda zai iya haɗa ma tirelar kwana da za ka ja da mota zuwa fadamar Argungu. Zai iya mana, ni a Jega aka haɗa min tawa. Amma don Allah ka nemi aksil, wato sandar ƙarfen da ke riƙe tayoyi, da sifirin na tsohuwar Hilux, tayoyin su zama daidai da na motarka, tayar safaya ɗaya ta ishe ka kenan. Kaya masu nauyi kuma, jarkokin ruwa da batirin sola, sa su ɗan gaba da aksil, ni na loda nawa a baya ta dinga wutsil-wutsil a hanyar Yauri, wallahi na tsorata. Rufi kuwa tamfol ya isa, kwano zafi.