Ki shigo da zangarniyar gero aji

Malama, kin ce kin sa ɗalibanki su nemo alamar jiya da yau da gobe, duk abu guda suka rubuto miki: tsoho shi ne jiya, jariri shi ne gobe, kin rasa yadda za ki fid da su daga nan. Ni ma na sha wannan, shekara da shekaru ina koyarwa a kwaleji nan Maraɗi. Laifina ne da fari, don nakan cika tablo da bayanin mene ne alama, su kwashe su maido mani.

Wata rana sai na shigo da zangarniyar gero, na ce ta yaushe ce? Wani ya ce ta bara, daga rumbu. Wata ta ce ta yau ce, tunda fura za a yi. Can baya wani yaron ƙauye, wanda ban taɓa jin muryarsa ba, ya ce babansa ba ya bari a taɓa mai manyan tsaba irin wannan, iri ne na baɗi. Shi ke nan, darasi ya koyar da kansa.

Tun daga nan abu guda nake sa kowa ya zaɓa, ya nemo lokutan uku cikinsa. Kututture ma yana yi. Sassabin zamani, da ya kankama a jiharmu cikin shekarun 1980, ai wannan ne: tsohuwar saiwa a ƙasa, tsiro a sama, manomi ya zaɓi wanda zai bari ya zama itace.

Don jiya kuwa, tura su wurin kakanni. Su tambayi ambaliyar 1945, wadda ta ci tsohon gari a fadamar gulbi har aka hauro tudu. Wata ta rubuto mani labarin turmin da aka ce da shi aka hauro, har yau cikinsa ake daka a gidansu.

Gobe ce mai wuya. Za su rubuta "gobe ta Allah ce" su rufe kayen rubutunsu. Gaskiya ne, kada ki yi musu da su. Ki dai tambaye su: me aka ajiye a gidanku da ba a fara amfani da shi ba? Kwanonin da uwa ke tara wa 'yarta ƙarƙashin gado, tubalin da aka jibge a fili shekara uku.

Kuma ki bar su su faɗa da Hausa tukuna, kafin a koma Faransanci.