Amsa ga 'yar'uwar da ke neman littattafan hotuna na hutu da na Sallah

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tun da asuba na ga tambayarki, na ajiye waya na shiga hidimar yara, amma abin ya ƙi barin raina. Kin ce dogon hutu ya matso, kina da ɗan shekara 2 da 'yar shekara 5, waya ta ɗauke musu hankali, kina neman littattafan hotuna masu koyarwa da waɗanda suka shafi azumi da Sallah a nan Jos. Sai kika ƙara da cewa kina tsoron ki zuba kuɗi su yayyaga. Wannan tsoron naki shi ya zaunar da ni, don ni ya taɓa kai ni ga abin da har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Lokacin babban ɗana yana shekara 3. Na ɗauki adashe, na ce wannan karon ba atamfa, littafi zan saya wa yaro. Na nufi wajen Taminus, cikin masu baza kaya a bakin titi, kin dai san yadda wurin ya koma tun gobarar babbar kasuwar a 2002. Wani mai littattafan gwanjo ya nuna min ɗauri guda cikin leda an liƙe, na saman mai kyau kamar me, zaki ya buɗe baki. Na ce bari in duba na ciki. Ya ce ai ba a buɗewa, haka suke zuwa daga waje, in na buɗe na saya ke nan. Ni kuma kunya ta kama ni, ga mutane tsaye, na ƙirga kuɗi na ba shi.

Da na isa gida na farke ledar, wallahi sai da na zauna a ƙasa. Ɗaya da wani harshe aka rubuta shi, ni da maigida muka juya shi muka kasa gane ko na wace ƙasa ne. Biyu rubutu ne cunkus irin na 'yan sakandare. Ɗaya ya sha ruwa ya yi fumfuna, shafukan sun manne, wari kawai yake. Wani kuma na jabu ne, launin yana bin yatsa, shafi na 8 ya zo kafin na 5. Mai zakin nan kaɗai ne na kirki.

Washegari na hau Keke cikin ruwan sama na koma. Ban yi faɗa ba, cikin lalama na ce malam ka canja min ko uku ne. Mutumin nan ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, kayan da ya fita ba ya dawowa. Yaron naki farfesa ne? Ai hoto kawai zai kalla." Na kusa da shi suka kwashe da dariya. Ina tsaye mayafina ya jiƙe sharkaf, ledar tana ɗiga. Ba kuɗin ne ya fi ƙona min rai ba, rainin ne, ya mayar da ɗana abin dariya don na nemi ya samu abin da ni ban samu ba ina ƙarama. Shekaru sun wuce, amma ko yau na bi ta layin sai na kau da kai. Na bar shi da Allah.

To ga inda nawa laifin ya shigo. Mai zakin nan na ɗora shi saman durowa, sai na ga dama nake saukowa da shi, ni ke riƙewa, ni ke buɗewa, yaro ya kalla daga nesa. Wata rana ina madafa ya taka kujera ya ɗauko, garin buɗewa ya raba shafin raƙumin dawa biyu. Na zane shi, 'yar'uwa. Fushin mai gwanjon nan duk a jikinsa na sauke. Daga ranar, da ya ga littafi sai ya kai hannayensa baya ya harɗe. Malamarsu ta nazare ce ta tare ni a ƙofa ta ce, Maman yaro lafiya, ɗanki ba ya yarda ya taɓa littafi ko an miƙa masa. Na dawo gida na shige ɗaki na yi kuka mai isata. Sai da muka yi watanni, ina ɗora shi a cinya, na sa ya riƙe min salatif muka liƙe wuyan raƙumin dawan tare, kafin ya sake miƙa hannu da kansa.

Don haka ɗan shekara 2 ɗin nan naki zai yaga, zai ma sa a baki, haka shekarunsa suke. Ki nemo masa masu shafi mai kauri kamar kwali, ko na yadi da ake wankewa, hoto ɗaya babba a shafi: kofi, kaza, ƙwallo, mota. Guda biyu ko uku sun ishe shi, don abu ɗaya zai ce a maimaita masa har ki haddace. Kar ki gaji, a maimaitawar yake kama kalmomi. Kuma ki ajiye su ƙasa inda hannunsa zai kai, cikin kwando ko tsohon kwali.

Duk inda kika je, shagon littattafai ne a titin Ahmadu Bello ko masu bazawa, ki buɗe ki bi shafi-shafi. Ki goga yatsa a kan launin. Ki shinshina. Ki karanta shafi biyu a fili ki ji ko ya zauna a bakinki. Wanda ya hana ki buɗewa, ki yi gaba abinki.

Ita 'yar shekara 5 labari take so, mai farko da ƙarshe, layi biyu ko uku a shafi. Kar ki cika ta da na ABCD kaɗai, ta sha shi a makaranta, hutu ne. In za ki saya na haruffa, ki haɗa da na Hausa, domin na Turanci ba za su nuna mata ɓ da ɗ da ƙ ba, kuma yaron da bai saba da su ba sai ki ji ya karanta ƙofa kamar kofa. Na Hausa na ƙananan yara suna wuyar samu a shago, gaskiya. Abin da ya cece ni shi ne African Storybook da StoryWeaver a intanet, kyauta ne, kuma akwai labaran Hausa masu hotuna a ciki. Ina zaɓa in kai shagon kwamfuta a buga min, in ɗinke da zare. Gara a buga a takarda da a miƙa musu a waya, don da kin juya baya sun koma katun. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2019 ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada zamansa gaban allo ya wuce awa 1 a rana. Magana Jari Ce kuwa ta yi musu tsawo yanzu, ke ki karanta, da dare ki ba su da bakinki a taƙaice.

Na Sallah su suka fi ba ni wahala. Yawanci daga waje suke, da Turanci, abincin ciki ma ba namu ba, babu tuwo babu waina. Da kaina na haɗa namu. Na wanke hotunan wayata: ragon layya ɗaure a tsakar gida, hannun ƙanwar babban ɗana da lalle, babansu da su a hanyar Idi, ranar da muka je gidan zu yawon Sallah. Na manna a kwalin taliya, na rubuta kalma ɗaya a ƙarƙashin kowanne, na rufe da salatif. Sun fi son shi a kan duk na saye. Ya ma taimaka min wajen yi musu bayanin layya tun kafin ranar, don shekarar da ta gabata yaron ya shaƙu da ragon, ya wuni yana kuka ya ƙi cin nama.

Maƙwabciyata Kirista ce, mukan yi musayar littattafai, na dabbobi da na ƙirga. Cikin nata akwai na Kirsimeti mai dusar ƙanƙara, autata ta ce ai irin ƙanƙarar da ke faɗo mana kan kwano ce da damina. Daga nan hira ta ɓarke har muka kai ga sanyin Disamba da rigunan sanyi. Ki riƙa barin su suna katse ki haka, ki tambaye su me suka gani, me zai faru a gaba. Kuma don Allah ki ja babansu ciki. Nawa da farko cewa yake ya gaji, yanzu bayan Isha'i su ke kai masa littafi har kan tabarma, ko an ɗauke wuta da fitilar waya suke yi.

Ina da wajen guda shida na kwali da nawa suka girme su, gefen ɗaya akwai shaidar haƙori amma lafiyarsu ƙalau. In kina so ki yi min magana ta akwatin saƙo, ranar Asabar zan shiga Farin Gada cefane sai in riƙo miki. Mai zakin ne kawai ba zan iya bayarwa ba.