Mun gama albam ɗin rok a Bauchi: sharhi za mu saya ko bidiyo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu huɗu ne a Yelwa, nan Bauchi: masu jita biyu, mai ganguna, sai ni mai rera waƙa. Kiɗan rok muke yi da Hausa, kuma ba mu ƙarƙashin kowane kamfani. Mun gama ɗaukar waƙoƙi takwas, abin da ya rage mana naira dubu 300 ne. Wani mai shafi ya ce mu ba shi dubu 50 ya rubuta mana sharhi mai kyau. Wani darakta kuma ya ce da dubu 250 zai yi mana bidiyo ɗaya, da mota da 'yan rawa. Mako mai zuwa muke son sakin albam ɗin. Da wanne za mu fara? Daga wani ɗalibi, Yelwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa albarka a wannan aiki. Kafin mu zo kan kuɗi, janye maganar mako mai zuwa tukuna. Ba a fafe gora ranar tafiya. Albam ɗin da aka saki kafin kowa ya san da zuwansa kwana uku yake yi a bakin abokai, daga nan ya nutse, kuma masu sharhi ba su cika waiwayar abin da ya riga ya fita ba. Ku ba kanku mako takwas. Ku duba kada ranar ta faɗa cikin azumi, ko lokacin da ɗaliban jami'ar ATBU da na kwalejin Foli a Gwallameji ke jarrabawa ko suka tafi hutu, domin su ne masu saurarenku na farko.

Shi kuma mai neman dubu 50, ku ba shi haƙuri. Abin da yake sayarwa talla ce da aka sa wa rigar sharhi, kuma mai karatu yana gane ta tun daga layin farko. Shekarun baya wasu yara da na yi wa aikin haɗa sauti sun biya irin wannan kuɗi. Da rubutun ya fito suka kawo mini a waya, suna murna. Marubucin ya yaba yadda kalangu ke tashi a waƙa ta biyu, alhali babu kalangu ko ɗaya a albam ɗin gaba ɗaya. Bai saurara ba. Na ga yadda fuskar mai gangarsu ta sauya yana karantawa, yaron da ya yi wata huɗu yana gyara wannan bugun. Kuɗin bai dame shi ba kamar yadda aka nuna masa cewa wahalarsa ba ta kai a ba ta minti huɗu ba. Idan talla kuke so, ku biya talla da sunanta, babu laifi a ciki. Sharhi kuwa darajarsa ita ce mai yin sa yana da damar ya ce waƙa ta biyar ba ta yi masa ba.

To, wa zai yi muku sharhin gaskiya? Masu sauraronku iri biyu ne, kuma hanyar isa ga kowanne daban take.

A gida, mai sharhi na ainihi shi ne mai gabatar da shiri a rediyo. Abin da ya faɗa cikin daƙiƙa talatin kafin ya saka waƙa a Globe FM ko Albarka Radio ko gidan BRC ya fi shafi goma na intanet isa kunnen mutanen Bauchi, a shago, a cikin Keke, a teburin mai shayi. Haka Progress FM a Gombe. Kada ku tura masa waƙa ta WhatsApp ku zauna jira. Ku je da kanku, ku gaishe shi, ku riƙe jita ɗaya wadda ba ta buƙatar wuta, ku ce ya ba ku minti biyar ku buga masa a cikin sitidiyo. Yawancin masu zuwa wurinsa da memori suke zuwa, kiɗan da kwamfuta ta haɗa, don haka wanda ya zauna a gabansa ya kaɗa da yatsu ba zai manta shi ba. Daga nan sai shafukan nishaɗi na jaridu irin su Aminiya, da mujallar Fim, da shirye-shiryen waƙoƙi na tashar Arewa24. Ku haɗa musu da baitocin a rubuce, da ƙa'idar rubutun Hausa daidai, ƙugiya a inda take. Bahaushe kalma yake fara bi kafin kiɗa. In bai ji abin da kake faɗa ba, sai ya ce hayaniya ce. Saboda haka ma ku koma ku saurari haɗin sautinku a ƙaramar waya da kuma lasifikar mota: idan jita ta danne murya, ku gyara kafin kowa ya ji. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kashe masu rok a ƙasar Hausa, domin suna kwaikwayon haɗin Turawa inda ake binne murya a cikin kiɗa.

A waje kuma akwai mutanen da kunnensu ya riga ya buɗe ga jitar yankinmu, kuma ba ku ne za ku fara share hanyar ba. Makaɗan Tinariwen na Mali sun ci lambar yabon kiɗa ta Grammy a 2012. Bombino mai jita ya fito daga Agadez ya zagaya duniya. Tal National na Yamai, waɗanda har da Hausa suke waƙa, kamfanin FatCat na Ingila ya fitar musu da albam a 2013, bayan sun daɗe suna sayar da fayafayansu a titunan garinsu. Wanda labarinsa ya fi kusa da ku shi ne Mdou Moctar, mai jita ɗan Nijar. A Sakkwato ya ɗauki albam ɗinsa na farko a 2008. Waƙoƙin suka riƙa yawo daga waya zuwa waya, daga memori zuwa memori, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley na kamfanin waƙoƙi na Sahel Sounds, ya ji ɗaya a wayoyin mutane ya sa ta cikin wani kundi da ya fitar a 2011. Bayan shekara goma, a 2021, babban kamfanin rok na Matador ne ya fitar masa da albam. Ka lura da jerin: mutanen gida suka fara riƙe waƙar, sannan na waje suka biyo sawu.

Masu rubutu a mujallu da shafukan kiɗa na waje irin su Songlines, Afropop Worldwide, Pan African Music, Music In Africa da Bandcamp Daily suna neman irin wannan sauti, amma wasiƙu sun yi musu yawa. Ku nemi sunan marubucin da ya taɓa rubutu kan jitar Sahel, ku karanta abin da ya rubuta, ku aika masa shi kaɗai ta imel, mako shida kafin ranar fita. Wasiƙar kada ta wuce layi goma: su wane ne ku, daga ina, wane irin kiɗa, yaushe zai fita, sai mahaɗar da zai saurara a asirce, hotuna biyu masu kyau, da fassarar baitoci. Ku bar cika baki. Kada ku rubuta cewa ku ne na farko ko na ɗaya a Arewa. Ku faɗi abin da za a iya gani: a wane ɗaki kuka ɗauka, sau nawa janareto ya mutu, daga wane bugun gargajiya mai gangarku ya samo salon waƙa ta uku, me waƙar take cewa game da zaman ɗalibi a Yelwa. Marubuci labari yake nema da zai rataya sharhinsa a kai. In mako biyu ya wuce shiru, ku tuna masa sau ɗaya cikin ladabi, ku wuce. Cikin mutum ashirin, in biyu suka amsa kun yi kasuwa. Ranar da wani ya soki aikinku kuma, ku yi masa godiya, kada ku tura abokai su zage shi. Wanda ya soke ka da hujja ya saurare ka, kuma shi ne zai fi saurin buɗe wasiƙarka ta albam na biyu.

Yanzu bidiyo, inda nake so ka fi natsuwa. Bidiyon mota da 'yan rawa na dubu 250 zai sa ku cikin layi ɗaya da mawaƙan da ke kashe miliyoyi, kuma a wannan layin ku ne na ƙarshe. Abin da kuke da shi wanda yawancinsu ba su da shi hannu ne. Ku mutum huɗu kuna iya tsayawa wuri ɗaya ku fitar da waƙa daga farko har ƙarshe ba tare da kwamfuta ba. Wannan ake so a gani, kuma gani ya kori ji. Don haka bidiyonku na farko ya zama na kiɗa kai tsaye: waƙa ɗaya, wuri ɗaya, ana gani ana ji a lokaci guda.

Bauchi ba ta rasa wuri ba. Duwatsun da suka kewaye gari, ko wajen Gubi, sun fi kowane ɗakin otal da za ku biya. Na taɓa ɗaukar wasu a gindin wani dutse bayan la'asar, a farkon hunturu. Muka ajiye janareto can nesa bayan dutsen, muka ja doguwar waya don kada ƙararsa ta shiga makirufo. Kafin a gama gwaji yara masu kiwo sun taru, suka zauna a kan fa, awakinsu na bayansu. A ɗauka ta uku tsirkiyar mai jita ta kusa tsinkewa, ya cije leɓe ya ci gaba, gumi na ɗiga a kan katakon jitar, wani yaro kuma yana buga cinyarsa daidai da ganga. Wannan ɗaukar muka saki, da ɗan kuskurenta. Babu daraktan da zai iya shirya fuskar yaron nan.

Kafin ku je irin wannan wuri ku gaida mai unguwa ku nemi izini, ku kauce wa lokutan salla, ku nisanci masallaci da maƙabarta. In Yankari ko Sumu kuke sha'awa, sai da amincewar masu kula da wurin. Shiga da kalamai kuma su zama waɗanda mahaifiyarka za ta iya kallo tare da kai, domin a garinmu bidiyo ɗaya yana iya rufe muku ƙofofin da waƙa takwas ba za su sake buɗewa ba.

Ta fuskar aiki, kuɗin ya tafi ga sauti kafin hoto. Mutane suna yafe wa hoto mai ɗan duhu, amma ba sa yafe wa sauti mai tsatsa. Wayoyi biyu ko uku masu kyau sun isa ɗaukar hoto, ɗaya a kafe tana kallon kowa, sauran suna bin yatsu da fuska. Sautin kuwa kada ku dogara da makirufon waya: ku ɗauko mai haɗa sauti da na'urarsa, kowane kayan kiɗa da layinsa. Kafin kowace ɗauka mutum ɗaya ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamarori, da wannan tafin mai tacewa zai daidaita hoto da sauti. Ku ɗauka da sassafe ko bayan la'asar, domin ranar tsaka tana ƙona hoto ta sa idanu cikin inuwa. Waya ɗaya ta ɗauka a tsaye saboda TikTok da Facebook da sitatus na WhatsApp, inda za ku yanka guntaye na daƙiƙa 20 zuwa 30, kowanne ya fara daga wurin da waƙar ta fi zafi, amshi ko kukan jita. A sa baitocin a rubuce a ƙasa da Hausa, a cikakken bidiyon YouTube kuma a ƙara fassarar Ingilishi da Faransanci saboda 'yan Nijar da na waje. In kun shirya da kyau, a yini ɗaya za ku ɗauki waƙa uku da abin da bai kai rabin kuɗin daraktan nan ba.

Kada ku sa rai bidiyon zai dawo da kuɗinsa daga YouTube nan kusa. Kafin su fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Spotify, wanda ya shigo Najeriya a 2021, ba ya biyan komai kan waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a shekara ba. Masu sayar da ƙirgen bogi za su zo muku, ku guje su, domin ana iya sauke waƙar gaba ɗaya in an gano. Amfanin bidiyon shi ne ya zama shaida. Shi za ku liƙa a wasiƙar mai sharhi, shi za ku nuna wa mai shirya taro a Jos ko Abuja ya tabbata kuna iya tsayawa a dandamali. Kuɗinku na farko daga wasa a gaban jama'a zai fito.

Tsarin da zan ba ku ke nan. A mako biyun farko ku ɗauki bidiyo da hotuna, ku ɗora albam a wurin mai rarraba waƙoƙi ga manhajojin sauraro, irin DistroKid ko TuneCore, da ranar fita a gaba, ku aika wasiƙu. Spotify yana ba da damar gabatar wa editocinsa waƙa ɗaya da ba ta fita ba, aƙalla kwana bakwai kafin ranarta, ku yi tun da wuri. Mako na huɗu ku saki waƙa ɗaya da bidiyonta, ku sa ta a Audiomack da Boomplay inda 'yan gida suka fi saurare, ku kuma kai ta da hannu wurin masu tura waƙoƙi a kasuwannin Wunti da Muda Lawal, kyauta, da sunanku da lambarku a jikin fayil ɗin. Mako na shida waƙa ta biyu da zagayen gidajen rediyo. Mako na takwas albam, tare da wasa a ƙaramin zaure da za ku iya cikawa. Mutum tamanin a matse sun fi ɗari biyu a warwatse cikin babban ɗaki, a ido da kuma a hoto.

Dubu 300 ɗin, ni da zan raba, kusan dubu 120 ga yinin ɗauka da tacewa, dubu 40 ga hotuna da bangon albam da kuɗin mai rarrabawa, dubu 70 ga zaure da kayan sauti, sauran a ajiye don kuɗin mota zuwa Gombe da Jos in gayyata ta zo. Kuma tun kafin kobo ya shigo, ku huɗun ku zauna ku rubuta a takarda wa ya rubuta wace waƙa, kashi nawa kowa zai samu, da sunan wa aka buɗe shafukan, da abin da zai faru in ɗaya ya gama karatu ya tafi bautar ƙasa. Kowa ya sa hannu a gaban shaidu biyu. Shi ma wanda ya ɗauki bidiyon ku rubuta da shi cewa an biya shi aikinsa, bidiyon naku ne, kuma ya ba ku ainihin fayilolin a ranar, ku ajiye su a wuri biyu.

In kun tsayar da ranar ɗaukar, ka turo mini waƙa ukun da kuka zaɓa in saurara a ƙaramar waya, in gaya maka ko muryarka tana fita.