Amsa: wane faifai ya dace a ƙara wa Squid?

Malam, ka ce ma'ajiyar Squid ɗinka, wato manhajar da ke adana kwafin shafukan intanet don kada a riƙa sake jawo su, ta cika, kana tambaya ko ka sayi babban faifai guda ɗaya ko ka haɗa ƙanana a tsarin RAID 5, wanda ke haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar ɗaya, tare da kariya idan ɗaya ya lalace. A ganina, duka biyun ba su dace ba.

Abin da ke fara gajiyar da Squid shi ne yawan ƙananan fayilolin da yake karantawa yana rubutawa a warwatse, saboda haka faifai huɗu masu zaman kansu, kowanne da cache_dir ɗinsa guda (wato wurin da Squid ke ajiye fayiloli a faifai), sun fi babba ɗaya sauri nesa ba kusa ba. RAID 5 kuwa yana rage saurin rubutu saboda lissafin kariyar da yake yi, alhali abin da ke cikin ma'ajiyar ba ya buƙatar wannan kariya, tunda ko ya ɓace za a sake jawo shi daga intanet. Idan aljihu ya yarda ka ɗauki SSD, wato faifai mai sauri wanda ba ya juyawa, amma ka duba adadin rubutun da kamfanin ya ce zai jure, domin Squid ba ya hutawa da rubutu.

Inda mutane suka fi yin tuntuɓe shi ne RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta na'ura. A na'ura mai 64-bit, kowane gigabait na ma'ajiya yana cin kusan megabait 14 na RAM, wato terabait 1 zai nemi wajen gigabait 14, ban da cache_mem, wato RAM ɗin da ka ware wa Squid don ajiye fayiloli. Kada kuma ka ba cache_dir fiye da kashi 80 cikin 100 na faifan.

Kafin ka biya kuɗi, ka ƙirga TCP_HIT, wato buƙatun da Squid ya amsa daga ma'ajiyarsa, a cikin access.log, fayil ɗin da yake rubuta kowace buƙata, ka ga ko ma'ajiyar tana amfani, domin yawancin zirga-zirgar yanzu HTTPS ce, wato a rufe take da sirri, wadda Squid ba ya adanawa sai an kunna masa ssl_bump, tsarin da ke ba shi damar buɗe ta.