Faifan mayarwa ko cikakken faifan Windows?

Malam, ka tambaya ko akwai hasara idan ka sayi kwamfuta mai araha a kasuwar Banex da ke Wuse 2 a Abuja, wadda aka haɗo da faifan mayarwa kawai maimakon cikakken faifan Windows. A ganina wannan bai isa ya hana ka saye ba.

Faifan mayarwa yana komar da kwamfutar yadda ta fito daga kamfani, tare da manhajojin da ke tafiyar da sauti da allo da kuma tarkacen tallace-tallacen da kamfanin ya cusa, yawanci yana share duk abin da ka ajiye, kuma ba ya aiki sai a kan irin samfurin da aka yi shi dominsa. Wasu kamfanonin ma ba sa ba da faifai, sai su ɓoye shi a wani sashe na rumbun ajiyar kwamfutar, wanda idan ya lalace, shi ke nan.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne lasisi. Tun daga Windows 8 a 2012, ana dasa lambar lasisin a cikin na'urar kanta, don haka kana iya sauke Windows kyauta daga shafin Microsoft zuwa filas mai gigabayit 8, ka girka, ta karɓi lasisinta da kanta. Kafin ka miƙa kuɗi, musamman idan ta hannu ce, ka sa mai shago ya buɗe maka wurin da ke nuna Windows ɗin tana da rajista, sannan ka tabbatar tana ɗaukar Windows 11, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025.