Wayata za ta iya auna sanyin ƙanƙara?

Tambaya: Malam, ina aiki a wani ɗakin sanyi na kifi a Ijora. Na ji an ce masana suna sanin sanyin ƙanƙarar tekun Aktik kullum suna zaune a ofis. Ta yaya, alhali can babu sabis? Ni ma wayata za ta iya auna min sanyin ɗakinmu?

Amsa: Ɗan'uwa, bari in fara da ta biyun, don ita ta shafi abincinka. Galibin wayoyi ba su da na'urar auna zafi ko sanyin wuri. Lambar da kake gani a fuskar waya daga intanet ta zo, yanayin Legas ne gaba ɗaya. Manhajojin da ke ikirarin aunawa kuwa, yawancinsu zafin batir suke karantawa su yi kirdado. Don Allah kada ka ɗora kifin miliyoyin naira a kan wannan. Batirin waya ma ba ya son sanyi: kamfanin Apple ya ce a yi amfani da iPhone tsakanin digiri 0 da 35, ɗakin daskarar da kifi kuwa ana so ya kai 18 ƙasa da sifili.

Su masana, a can Aktik, tekun da ke ƙuryar arewacin duniya, huda ƙanƙarar suke yi har su tarar da ruwa, su zura igiya mai ɗauke da ƙananan ma'aunai jere kamar carbi, a wasu na'urorin kowane santimita 2. Kan igiyar na cikin iska, tsakiyarta cikin ƙanƙara, jelarta cikin teku. Ruwan teku, saboda gishiri, ba ya daskarewa sai wajen digiri 1.8 ƙasa da sifili, don haka ƙasan ƙanƙarar kusan nan yake tsayawa, alhali samanta kan wuce 30 ƙasa da sifili a lokacin hunturu. Inda ma'aunan suka daina nuna bambanci, to an iso ruwa. Da haka ake gane kaurin ƙanƙarar ba tare da kowa ya koma wurin ba, kuma wannan dabarar ta fi komai burge ni.

Saƙon kuma ta taurarin ɗan'adam na kamfanin Iridium yake fita, guda 66 masu ratsawa ta saman ƙuryoyin duniya biyu, ta arewa da ta kudu. Irin taurarin da dish ɗin DStv ke kallo suna saman tsakiyar duniya ne, ba a hango su daga can ƙuryar. Lokacin da jirgin ruwan Jamus Polarstern ya maƙale da gangan cikin ƙanƙarar Aktik daga 2019 zuwa 2020, an dasa irin waɗannan na'urori kewaye da shi.

Akwai kuma awo daga sama, kamar na'urar MODIS da ke kan taurarin Terra da Aqua na Amurka. Fasaharta ɗaya da bindigar auna zafi ta lokacin korona: fatar saman ƙanƙarar kawai take gani, gajimare kuma yana tare ta.

Kai abin da za ka nema a Alaba ko Computer Village shi ne ma'aunin sanyi mai igiya da ke ajiye bayanai. Bakin igiyar ya shiga tsakanin kwalayen kifi, nesa da ƙofa, akwatin ya tsaya a waje. Ka zaɓi mai cin layin waya, don in an ɗauke wuta cikin dare janareto bai tashi ba, ya turo maka saƙo.